Ra'ayinmu: Mai Diga da Mai Katafila, Lokacin Shimfiɗa Tabarma Ya Yi

A cikin watan Agusta na 2025 gwamnati ta ba da sanarwar cewa ta karɓe kamfanin haƙar zinariya na Liptako, wanda aka fi sani da SML, daga hannun wani kamfanin ƙasar Ostareliya da ke riƙe da kashi 80 cikin ɗari na jarinsa. Wannan kamfani shi ne mai ramin Samira, a jahar Tillaberi, wurin da ya kasance shi kaɗai ne ake haƙar zinariya da manyan injuna a ƙasar nan. Wata biyu kafin nan, haka aka yi wa kamfanin Somair mai haƙar uraniyom a Arlit. An yi tafi, an yi jawabai a kan ƴancin kai da mallakar arzikin ƙasa, kuma ba mu ga laifin wanda ya yi murna ba. To amma a cikin labaran da aka watsa a lokacin akwai alƙaluma biyu da suka wuce ba tare da an tsaya a kansu ba. Rahoton ITIE, wato shirin nan mai sa ido a kan bayyana kuɗaɗen ma'adinai, ya nuna cewa a 2023 ramin Samira ya fitar da zinariya kilo 177, alhali kuwa masu haƙa da hannu sun fitar da tan 2 da kilo 200. Ke nan talakawa sun ninka kamfani fiye da sau 12, kuma wannan lissafin abin da ya bi ta ma'aunin hukuma ne kawai.

Saboda haka idan ana maganar zinariyar Nijar, mutumin da ke cikin rami da diga a hannu da ƴar tocila ɗaure a goshi shi ne a gaba, mai katafila yana biye da shi. Duk da haka, ranar da ake rabon filaye a ma'aikatar ma'adinai da ke Yamai, ko ranar da ake sa hannu a kan yarjejeniya, ba ya cikin ɗakin, ba a kuma aika masa goron gayyata. Labari yakan same shi ne a bakin rami, ranar da motar jandarma ta tsaya aka shaida masa cewa wurin ya zama na wani. Wannan jarida tana ganin cewa tun da yanzu gwamnati da kanta ta sa rigar mai kamfani, babu sauran uzuri. Lokaci ya yi da za a shimfiɗa tabarma, a zaunar da ƙananan masu haƙa da manyan kamfanoni, kowa da haƙƙinsa a rubuce, tun kafin a kai ga zubar da jini irin wanda muka gani a wasu ƙasashe.

Wa ya riga wani zuwa?

Yana da kyau mu tuna wa masu karatu yadda abin ya faro. Farin 1984 ne ya raba manoma da gonakinsu, ya raba makiyaya da garkunansu, har wasunsu suka faɗa haƙar zinariya a Komabangu, cikin ƙasar Tera. Yunwa ce ta kai su, babu dokar da ta kira su. Dokar ma'adinai ta watan Maris na 1993, wadda aka yi a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, ita ce ta buɗe wa kamfanonin waje ƙofa, suka shigo yankin Liptako ɗauke da takardun bincike. Ramin Samira kuwa bai fara aiki ba sai a 2004, a hannun wasu kamfanoni biyu na ƙasar Kanada tare da gwamnati. Wato talaka ya yi shekara 20 yana daka dutse yana wanke ƙasa a yankin kafin masana'anta ta narka curin zinariyarta na farko.

Haka tarihi ya maimaita kansa a arewa. A watan Afrilu na 2014 labarin zinariyar Jado ya bazu, cikin ƴan makonni dubban mutane suka cika hamada, daga Agadas da Damagaram da Tawa, har da mutanen Cadi da Sudan da Libiya. A cikin shekarar ne kuma aka gano ta Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. A 2021 abin ya iso ƙofar gidanmu, a Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa ta jahar Maraɗi. Wani rahoto da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke wannan sana'a a Nijar. Idan aka ƙara da masu tuwo, da ƴan ga-ruwa, da direbobi, da maƙeran da ke wasa diga, da iyalan da ke jiran aike a ƙauye, za a ga cewa bayan noma da kiwo, ƙalilan ne sana'o'in da ke ciyar da bakuna masu yawa haka. Manyan kamfanonin ma'adinai kuwa, ko a lokacin da kasuwarsu ke ci, ma'aikatansu duka ba su wuce ƴan dubbai ba.

Takarda da gumi

Tushen rigimar ba boyayye ba ne. Doka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, ita ke ba wanda ta ga dama izinin nema da na haƙa. Kamfani yakan biya kuɗi, a shata masa fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita a bisa taswira, ya share shekaru yana huda ƙasa yana auna duwatsu, ya kashe dubban miliyoyin kuɗin sefa kafin ya ga giram ɗaya. A wurinsa, duk wanda ya tsallaka cikin filin nan da diga ɓarawo ne. Idan rami ya rufta da mutumin, sunan kamfanin ne zai shiga jaridun duniya, bankunan da suka ba shi bashi kuma su fara ja da baya. Wannan damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a yi mata dariya ba.

Shi kuma mai diga ga abin da ya sani. Tudun nan kakansa ya sare dajinsa, ko kuwa maigari ne ya nuna masa wurin a gaban shaidu. Ya sayar da ragonsa da ragowar hatsinsa ya sayi igiya da guduma, ya yi wata uku yana nutsewa cikin duhu kafin ya ci karo da jijiyar zinariya. Takardar da aka ce ta raba shi da wurin, da Faransanci aka rubuta ta, a garin da bai taɓa zuwa ba. Ya kuma san abin da duk masanin duwatsu ya sani, wato masu binciken kamfanoni sukan bi sawun ramukan talakawa, domin inda talaka ya daɗe yana haƙa alama ce ta cewa akwai wani abu a ƙasa. Yaya za a gamsar da irin wannan mutum cewa shi ne baƙo, wanda ya zo jiya kuma shi ne ɗan gida?

Ke nan haƙƙi biyu ne suka yi karo, na takarda da na gumi. Na farko yana da kotu da lauya da jandarma. Na biyu ba shi da komai sai yawan jama'a da fushi. Wannan rashin daidaito shi ne ke kashe yawancin tarurrukan da ake kira na sasantawa. Za a kafa rumfa, wakilin hukuma ya yi jawabi, wakilin kamfani ya yi nasa, a yi alƙawarin rijiya da aji biyu na makaranta, a raba lemo, a ɗauki hoto, a watse. Da Faransanci a rubuta cewa an wayar wa jama'a da kai. Amma tambaya ɗaya da ta tara mutane, wato a ina za mu haƙa gobe, ba wanda ya amsa ta. Wa'azi aka yi musu, domin tattaunawa tana buƙatar kowane ɓangare ya zo da abin da zai bayar da abin da zai iya hanawa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna wanke masu haƙa da hannu ne. Sana'ar, yadda ake yin ta, tana cin rayuka. Ranar 7 ga Nuwamba na 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, lissafin farko ya nuna mutum 18 sun mutu, daga baya adadin ya ƙaru. A ƙetaren iyaka, a jahar Zamfara, gubar dalma da ke cikin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Zaibar da ake ƙonawa domin a ware zinariya tana shiga huhun mai ƙonawa, ta shiga ruwa, ta shiga cikin mai juna biyu, kuma hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar cewa ƙananan masu haƙar zinariya su ne kan gaba wajen watsa zaiba a iskar duniya. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 domin rage wannan guba, amma a bakin rami ba a ga alama ba tukuna. Akwai yaran da suka bar makaranta suna jan guga. Akwai zinariyar da ke sulalewa ta kan iyaka ba a biya ko dala ba. Sannan a cikin sansanonin kansu akwai babba da yaro: mai kuɗin da ya ɗauki nauyin rami shi ke kwashe kaso mafi tsoka, wanda ya shiga ramin ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma su ne ma dalilin da ya sa zaman ya zama wajibi.

An gwada sanda

Magabata sun daɗe suna da magani guda ga wannan ciwo, shi ne rufewa. A farkon 2017 aka rufe Jado, a daidai lokacin da dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure ta riga ta karya tattalin arzikin Agadas. Mutanen ba su koma gona ba, domin babu gonar komawa. Sun watsu ne zuwa Cibarakaten da duwatsun Abzin da Cadi da kudancin Libiya. Bayan haɗarin 2021 aka rufe Ɗan Isa. To amma takardar gwamna ba ta kwashe zinariyar daga cikin ƙasa ba, ba ta kuma cika rumbun kowa ba. Wanda aka kora da rana da dare yake dawowa, ramin dare kuwa ya fi na rana kisa, tun da ana haƙa shi ne cikin gaggawa da tsoro, ba tokari, ba mai sa ido.

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya, ya dubi Obuwasi ta ƙasar Gana, inda babban kamfani ke haƙar zinariya tun 1897. Gana ta halatta ƙaramar haƙa tun 1989, amma rikici tsakanin kamfanin da samarin garin bai kwanta ba. A 2016 masu haƙa suka mamaye wani sashe na filin, a cikin shekarar kuma kamfanin AngloGold Ashanti ya mayar wa gwamnati kimanin kashi 60 cikin ɗari na filin da yake riƙe da shi. Duk da haka, a watan Janairu na 2025 sojojin da ke gadin wurin suka buɗe wuta, rundunar soja da kanta ta amsa cewa mutum bakwai sun mutu. Darasin a fili yake: filin da aka saki bayan zukata sun riga sun ɓaci, ba tare da wani zama mai ɗorewa a bayansa ba, ba ya sayen zaman lafiya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan muna da ƙarin dalili na jin tsoro. Yankin Liptako, inda zinariyarmu ta yamma take, shi ne kuma yankin da ƴan bindiga suka fi addaba. A gabashin Burkina Faso an ga yadda masu ɗauke da makamai suka buɗe wa jama'a wuraren da hukuma ta rufe, suka mayar da kansu masu ba da izini da masu karɓar haraji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk saurayin da hukuma ta kora daga rami ba ta nuna masa wani ba, ta miƙa shi ne ga wanda zai nuna masa.

Akwai inda za a haɗu

Abin da ke ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, ba kullum ɓangarorin biyu ke neman abu ɗaya ba. Mai diga yana bin jijiya ce siririya mai ƙarfi, kusa da doron ƙasa, kuma da zarar ya iske ruwa ko dutse mai tauri, ƙarfinsa ya ƙare. Kamfani kuwa yana neman tudu ne mai faɗi da zurfi, wanda ko da giram ɗaya ko biyu ne a cikin kowane tan na dutse, zai ci riba saboda yawan abin da yake niƙawa. A cikin filin da aka shata wa kamfani, abin da zai haƙa a ƙarshe ɗan yanki ne ƙarami. Sauran yana nan kwance, ya yi wa katafila kaɗan, amma zai riƙe ƙauyuka goma shekara da shekaru. Bugu da ƙari, zaiba sau da yawa ba ta kama ko rabin zinariyar da ke cikin dutse, alhali injin masana'anta yana iya fitar da kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Wato akwai dukiyar da ke zubewa a banza tsakanin maƙwabta biyu da ba sa ga maciji.

An gwada haɗa su a wasu wurare. A ƙasar Kolombiya, wata doka ta 2013 ta ba mai babban izini damar ƙulla yarjejeniya da ƙananan masu haƙa a cikin filinsa. A garin Segobiya, ƙungiyoyin masu haƙa suna aiki a cikin filin kamfani da takardarsu, suna kai dutsen da suka fitar masana'antarsa, ana biyansu. Abin bai rasa tangarɗa ba, domin a 2017 garin ya yi yajin aiki na fiye da wata guda a kan sharuɗɗan wannan zama. Amma mutanen da ke jayayya a kan farashi sun riga sun wuce matsayin waɗanda ke jayayya a kan ko suna da ikon rayuwa. Ko a gida ma ba baƙon abu ba ne: shekara da shekaru mutanen ƙauyukan jahar Tawa suna tono dutsen jibs da hannu, ana sayar wa masana'antar siminti ta Malbaza. Abin da ya yiwu a kan dutsen siminti, me zai hana shi yiwuwa a kan zinariya?

Sharuɗɗan zaman

Idan ana son zaman ya haifi ɗa mai ido, ga abin da wannan jarida take ganin ya wajaba.

Na farko, a yi magana kafin a ba da takarda. Duk filin da kamfani ya nema, a fara aika ma'aikata su ƙirga ramukan da ke ciki, su rubuta sunayen masu su da shekarun da suka yi a wurin. A manna taswirar a ofishin magajin gari, a karanta ta a rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Tubanci da Barbarci, gwargwadon yankin. Kamfani ya san tun farko da wa zai zauna, jama'a su san abin da ke tafe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, masu haƙa su zaɓi bakinsu da kansu. Mun sha ganin ƙungiyoyin da aka kafa a cikin dare, shugabansu babban ɗan kasuwa ne mazaunin birni wanda bai taɓa sauka rami ba. Irin wannan wakili, da shi da kamfani za su daidaita cikin awa guda, amma yarjejeniyarsu ba za ta kai ko sati ba a bakin rami. Dole a ji muryar leburan da ke shiga ƙasa, da matan da ke daka da tankaɗe da wanki, da manomin da aka huda gonarsa, da makiyayin da shanunsa ke faɗawa cikin ramukan da aka bari a buɗe. Su kuma masu haƙa su sani cewa taron da ba shi da shugaba ba a yin alƙawari da shi. Haɗa kai da rajista da riƙe amana nauyi ne da ke wuyansu, ba mai ɗaukar musu shi.

Na uku, a ba su fili mai zinariya, da takarda mai tsawon rai. Gyaran da aka yi wa dokar ma'adinai a 2017, da sabuwar dokar 2022, sun san da zaman ƙananan masu haƙa, sun tanadi izini dominsu. Amma izini a bisa busasshen tudu yaudara ce. Kamfanoni suna da sakamakon hujin da suka yi, sun san inda jijiya take da inda babu. Duk yankin da kamfani ba zai haƙa ba, ya sake shi tare da bayanin abin da ke ciki, hukuma ta rubuta shi da sunan ƙungiyar masu haƙa na shekarun da za su isa mutum ya sayi injin jan ruwa ya biya bashinsa. Wanda ya san gobe za a kore shi ba zai kashe kuɗi ya tokare rami ba.

Na huɗu, a gyara ma'auni da farashi. Inda masana'anta take kusa, ta karɓi dutsen ƙananan masu haƙa ta niƙa, a auna ƙarfinsa a gaban wakilinsu, a biya bisa farashin duniya da za a riƙa rubutawa a allo kowace safiya. Ta haka zaiba za ta ragu, zinariya ta bi ta hannun hukuma, baitulmali ya samu rabonsa. Sai dai kada a ɗaure mutum a ce lalle sai ga kamfani zai sayar. Ranar da mai saye ya zama ɗaya tilo, ranar ce farashi zai mutu, fasa-ƙwauri kuma ya farfaɗo.

Na biyar, a sa ran ɗan Adam a cikin yarjejeniya. Injiniyoyin kamfani su koya wa masu ramuka tazarar da ta kamata tsakanin rami da rami, da yadda ake tokari da shigar da iska. Idan haɗari ya auku, katafilar kamfani da motar asibitinsa su fito ba sai an jira izini daga Yamai ba. Su kuma masu haƙa su ɗauki alƙawarin dakatawa da damina, su hana yara shiga rami, su daina niƙa dutse da ƙona zaiba a cikin gidaje, su cike ramin da suka gama da shi. Masu gadin kamfani, soja ne ko farar hula, a rubuta musu iyakarsu: wanda ya tsallaka shinge a kama shi a kai shi gaban alƙali, kada a mayar da shinge bakin kabari.

Na shida, zaman ya zama na dindindin. A sa ranarsa, ko wata-wata ko bayan wata uku, ko da rigima ko babu. A rubuta abin da aka yanke, a karanta wa jama'a, a dawo a duba wanda ya cika da wanda ya saɓa. A kuma tanadi wurin da mai ƙorafi zai kai kukansa ba tare da ya ji tsoron a kwana da shi a gidan jandarma ba.

Mai rami ba ya zama alƙalin rami

Saura tambaya mafi nauyi: wa zai zauna a tsakiya? A da, ana iya cewa gwamnati ce mai raba gardama tsakanin baƙon kamfani da ɗan ƙasa, ko da yake sau da yawa an san inda take karkata. Amma a 2024 ta kafa kamfanin zinariya nata na kanta, a 2025 kuma ta karɓe SML. Duk inda kamfanin hukuma ya yi karo da mai diga, hukuma ce mai ƙara, ita ce mai ba da izini, ita ce kuma mai aiko da jandarma. Wannan haɗari ne da murnar mallakar arzikin ƙasa bai kamata ta rufe mana ido a kansa ba. Talakan da aka kora daga ramin da ya haƙa, ba zai ji sanyi ba don an ce masa wanda ya kore shi ɗan ƙasa ne.

Don haka muna kira da a raba hular mai kamfani da ta mai sa ido. Ma'aikatar ma'adinai ta riƙe doka a kan kamfanin gwamnati kamar yadda za ta riƙe ta a kan na baƙo. A tsakiyar tabarma kuwa a zaunar da waɗanda ba su da rami ba su da hannun jari: sarakunan gargajiya da aka shaida ba su da kaso a cikin haƙar, da malamai, da alƙalai, da ƙungiyoyin fararen hula irin su ROTAB da suka daɗe suna bin diddigin kuɗin ma'adinai. A watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun da'irori aka naɗa masu riƙo, abin da ya rage wa talaka ƙofofin da zai ƙwanƙwasa, ya kuma ƙara wa wannan zama muhimmanci. Haka nan dokar 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai domin da'irorin jahohin da ake haƙa a cikinsu. A fito a faɗa wa jama'a nawa aka tara, nawa aka aika, me aka gina da shi. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya wajabta buga yarjejeniyoyin ma'adinai a jaridar hukuma. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, bai kamata ta mutu tare da kundin ba.

Mun san akwai masu cewa zama da waɗanda suka karya doka tamkar saka musu da alheri ne. Amsarmu ita ce, dokar da ta mayar da dubban ɗaruruwan masu neman halali masu laifi, ita ce ke buƙatar a sake duba yadda ake aiki da ita. Akwai kuma masu cewa a bari sai tsaro ya samu. Mu kuwa muna ganin wannan zama wani ɓangare ne na neman tsaron. Ga masu kamfanoni, na gida da na waje, muna tuna musu da Kominak, wanda ya fara fitar da uraniyom a 1978 ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021. Kowane rami yana da ranar ƙarewa. Kamfani zai naɗe kayansa ya tafi, mutanen wurin su ne za su zauna da ramukan da ƙurar, kuma abin da za su tuna shi ne yadda aka zauna da su.

Ba mu ce zaman zai yi sauƙi ba. Za a yi musu, za a tashi baram-baram, za a sake dawowa. Amma ƙasar da ta iya tara ɗaruruwan wakilai a 1991, suka yi wata uku suna fafatawa a kan makomar mulkinta, ba za ta kasa zaunar da mai diga da mai katafila a inuwa ɗaya ba. Muna kira ga ma'aikatar ma'adinai ta fara da wuri guda, ko a Liptako ko a Abzin, ta sa rana, ta gayyaci kowa, ta kuma bar ƴan jarida su shiga su ji. Zinariyar tana ƙasa, ba inda za ta. Samarin da ke haƙar ta su ne ba za su jira ba.